Tsohon maigidana ya ƙi yi min shaida, ga sabon aiki yana jirana

Abu Safwan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min. Na yi kusan shekara uku ina riƙe da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Sharaɗa, nan Kano. Ni ke karɓar kaya, ni ke fitarwa, ni ke shigar da komai a littafi da kwamfuta. Da albashi ya fara tsallake wata na yi magana, aka ce in yi haƙuri. Da abin ya taru sai na rubuta takardar ajiye aiki, na ba su notis na wata guda, aka ƙirga kaya a gabana ba a samu giɓi ba, na miƙa makullai na tafi. Yanzu Allah ya kawo wani aikin a wata ƙungiya mai zaman kanta da ke harkar lafiya. Na yi intabiyu na haye, saura su ji daga mutum uku da za su yi min shaida, kuma sun ce ɗaya dole ya fito daga wurin da na baro. Na kira mai kamfanin, ya ce tunda na bar su a tsakiyar hidima kada in ƙara nemansa. Manaja kuma ya ce ba zai sa hannu a komai ba sai da izinin Alhaji. Ranar Alhamis ake so in tura sunayen. Wanda ya san hanya don Allah ya taimaka.

Ɗan Kurna:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita ɗan'uwa. Ni a ganina ka samu abokinka mai iya magana, ka ba su lambarsa a matsayin manajanka, ka karanta masa abin da zai faɗa. Ai da gaske ka yi aikin, ba wanda ka cuta. Shi da ya riƙe maka albashi bai kamata ya riƙe maka gaba ba.

Maman Ilham:
Ɗan Kurna, don girman Allah kada ka ɗora shi a kan wannan hanyar. Aikina ke nan, ni nake kiran irin waɗannan lambobin a inda nake aiki, kuma ba ma tsayawa a kan lambar da mai neman aiki ya ba mu. Mukan nemo lambar ofishin da kanmu mu tambaya ko akwai mai wannan suna da wannan muƙami. Shi kuma abokin, tambaya biyu uku za a yi masa ya fara in-ina: wace manhaja kuke amfani da ita a sito, yaushe kuke ƙidayar kaya, mutum nawa ne a ƙarƙashinsa. Ko ma ya tsallake yau, a fom ɗin da za a ba ka ka sa hannu kusan kullum akwai layin da ke cewa duk ranar da aka gano ka ba da bayanin ƙarya za a sallame ka. Aikin sito kuma aikin amana ne. Mutumin da za a damƙa wa ɗakin magunguna, in aka kama shi da ƙarya tun a bakin ƙofa, ba wanda zai ƙara sauraron labarin albashin da aka hana shi.

Abu Safwan, ka kwantar da hankalinka, lamarinka bai kai yadda kake jin sa ba. Abu biyu ne muke nema in mun ce a kawo mai shaida, kuma mutane suna cakuɗa su. Na farko, da gaske ka yi aiki a wurin, daga yaushe zuwa yaushe, a wane muƙami. Na biyu, yaya aikinka yake, yaya halinka yake, za a iya ba ka amana. Na farkon takardu ne ke tabbatar da shi, ba sai Alhaji ya so ba. Na biyun kuma duk wanda ya ga aikinka da idonsa, ya kuma taɓa zama sama da kai ko ya yi hulɗar aiki da kai, zai iya faɗa. Mai kamfani ba shi kaɗai ya ga aikinka ba, hasali ma sau da yawa shi ne ya fi kowa rashin sanin yadda sito ke tafiya.

Ka faɗa mana takardun da ke hannunka.

Abu Safwan:
Na gode Anti. Ina da takardar ɗaukar aiki, da kofin takardar ajiye aikin da na rubuta, sai katin shaidar ma'aikaci wanda ba su karɓe ba. Albashi ta banki ake biya, amma wasu watannin daga asusun Alhaji na kansa yake shigowa ba na kamfani ba. Suna cire kuɗin fansho.

Akantan Hotoro:
To ai kana da abin da mutane da yawa ba su da shi. Gobe da safe ka je bankinka ka ce a fitar maka da bayanan asusunka tun daga watan da ka fara aiki, a buga masa hatimi a sa hannu. Ka bi da biro ka ja layi ƙarƙashin kowane albashi. Watannin da kuɗin ya fito daga asusun kamfani sun isa su nuna farko da ƙarshe, na asusun Alhaji kuma za su cike tsakiya, tunda adadin ɗaya ne kuma lokacin shigowarsa kusan ɗaya.

Daga nan ka wuce ofishin kamfanin da ke riƙe maka kuɗin fansho ka karɓi bayanin asusunka. Yana nuna watannin da aka zuba kuɗi da ma'aikatar da ta zuba. Wannan shaida ce da ba daga bakinka ta fito ba, shi ya sa take da ƙarfi. Dokar fansho ta 2014 ta ce duk mai ma'aikata 15 ko fiye dole ya shiga tsarin, shi ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, a cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, kuma a kai kuɗin cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Ka duba da kyau, don akwai masu cirewa ba sa kaiwa. In ka tarar da haka, wannan wani haƙƙin ne daban da za ka bi ta hukumar fansho ta ƙasa, PenCom. Haka ma haraji: in suna cire maka harajin albashi suna kaiwa, akwai tarihinsa a Hukumar Tattara Haraji ta Jihar Kano, kuma takardar shaidar biyan haraji tana ɗauke da shekaru uku na baya.

Baristan Bompai:
Bari in sa baki ta fuskar doka, don kada wani ya zuga ka ka tafi kotu da tunanin da ba shi ba. Babu wani sashe a Dokar Ƙwadago ta Najeriya da ya tilasta wa mai ba da aiki ya rubuta maka takardar yabo bayan ka tafi. Sai dai in takardar ɗaukarka ko littafin ƙa'idojin ma'aikatan kamfanin sun yi alkawarin haka, to sai ka riƙe su da alkawarinsu. Abin da ba shi da ikon yi shi ne ya ƙaga maka laifi. In aka kira shi ya ce ka yi sata alhali an ƙirga kaya ba a samu giɓi ba, wannan ɓata suna ne, kuma kana da hanyar binsa.

Maganar cewa ka bar su a tsakiyar hidima ba ta da gindi. Sashe na 11 na dokar ya tsara notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. Kai ka ba da wata guda. In dai takardar ɗaukarka ba ta nemi fiye da haka ba, ka fita ta ƙofar gaba.

Ga abin da nake ba mutane shawara. Kada ka roƙi yabo. Rubuta wa kamfanin, ba Alhaji ba, gajeriyar wasiƙa cewa kana neman takardar da ke tabbatar da cewa ka yi aiki da su daga wata kaza zuwa wata kaza a matsayin mai kula da sito. Layi uku ya isa. Ka yi kofi biyu, ka miƙa ɗaya, a sa maka hannu da kwanan wata a ɗayan cewa an karɓa. In sun ƙi karɓa ka tura ta gidan waya da rajista ko ta kamfanin kai saƙo, ka adana rasit. Ko ba su amsa ba, kana da abin nuna wa sabon wurin cewa ka nema an hana ka.

Ɗan Kurna:
Na ji Anti, na janye. Amma Barista, takardar rantsuwa fa? Na ga mutane suna zuwa babbar kotu a sakatariyar Audu Bako suna yi.

Baristan Bompai:
Zai iya yi, ba ta da tsada kuma a yini ɗaya ake gamawa. Sai dai a san matsayinta: maganarka ce ka rantse a kanta a gaban jami'in kotu, ba maganar wani ba. Tana ƙara wa bayanan banki da na fansho ƙarfi, amma ita kaɗai ba ta maye gurbin mai shaida. Kuma rantsuwa a kan ƙarya laifi ne mai hukunci, don haka kwanan watan da za a rubuta ya dace da abin da ke takardu.

Alhaji na Kwari:
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma 'yan boko kun yi ƙoƙari. Amma ku bar ni in yi magana a matsayin wanda ke da yara a kanti shekara da shekaru. Yaro, kafin ka fara aika wasiƙa da rajista, ka nemi babban mutum da maigidan naka yake jin nauyinsa. Limamin masallacin da yake salla, ko abokin kasuwancinsa, ko wani dattijo a unguwarsu. Ku je tare bayan la'asar, ku gaisa, dattijon ya yi magana kai ka yi shiru. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Mu nan kasuwa ba mu san takarda ba, in yaro ya zo neman aiki wurina waya nake ɗagawa in kira tsohon ubangidansa, ko in tambayi maƙwabtansa na layi. Kano kuma duk girmanta a harkar kasuwanci kowa ya san kowa. Yau ka samu wannan aikin da takardun banki, gobe fa in wani Alhajin ne zai ɗauke ka ya kira wancan?

Kuma ku sani, ba kowane mai ƙin shaida ne mugu ba. Wani tsoro yake ji. An sha kawo wa mutane fom su sa hannu, bayan shekara yaro ya yi ɓarna a zo a ce kai ka tsaya masa, biya. Wani kuma yaron ne ya tafi da kwastomominsa. Ban ce kai ka yi haka ba, amma ku riƙa jin ɓangare biyu.

'Yar Gwammaja:
Baba Alhaji, da girmanka da komai, ni wannan maganar ba ta kwanta min ba. Mutum ya yi aiki an hana shi albashi, ya tafi cikin mutunci, sannan kuma shi ne zai ɗauki dattijo ya je ya durƙusa? Haƙurin me zai bayar? Wannan ne ya sa masu ba da aiki suke mana yadda suka ga dama, sun san ko sun ci haƙƙinka wata rana za ka dawo kana neman sa hannunsu. Na ga malamai a makarantun kuɗi sun yafe albashin wata biyu wata uku saboda kawai a rubuta musu takarda. Sa hannun ya zama abin ciniki.

Alhaji na Kwari:
'Yata, ban ce ya ba da haƙuri ba, ban kuma ce ya yafe kuɗinsa ba. Sulhu na ce. Dattijon kirki in ya zauna, maganar albashin ma sai ya tayar da ita. Na ga bashin da lauya bai karɓo ba limami ya karɓo shi a zama ɗaya. Abin da nake gudar masa shi ne wasiƙar rajista ta riga gaisuwa isa. Bahaushen ɗan kasuwa in ya ga takarda irin wannan, a ransa an kai shi ƙara ne, daga nan kuma ƙofa ta rufe.

'Yar Gwammaja:
In dai da maganar albashin za a je, to na yarda da rabi. Amma kada dattijon ya zama irin wanda zai juyo ya ce wa yaro ka bar wa Allah. Shi ya sa zaɓen wanda za a je da shi ya fi zuwan muhimmanci.

Malam na Ɗorayi:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ina so in ƙara abu kaɗan, don mu masu ba da aiki da masu karɓa duk mu ji. A ƙarshen Suratul Baƙara, aya ta 283, Allah ya hana ɓoye shaida, ya ce wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. Ayar ta zo ne a kan bashi da jingina, amma malamai sun fahimci cewa duk shaidar da rashinta zai sa haƙƙin wani ya salwanta ta shiga ciki. Ba a tilasta maka ka yabi wanda ba ka gamsu da shi ba. Amma a tambaye ka ko wane ya yi aiki a wurinka, ka san ya yi, ka ƙi faɗa don ka huce haushi har abincinsa ya kuɓuce, wannan abin tsoro ne.

Ɗaya ɓangaren kuma, wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi. Faɗima 'yar Ƙais ta zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana neman shawara kan mutum biyu da suka nemi aurenta, ya faɗa mata abin da ke tattare da kowannensu bai ɓoye ba. Hadisin yana cikin Muslim. Don haka in yaro ya ci amana aka tambaye ka, faɗin gaskiya ba giba ba ne, gwargwadon abin da ka sani ba ƙari. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, siffa biyu aka ambata ga wanda ya fi cancanta a ɗauka aiki: ƙarfi da amana. Su ne dai har yau ake kiran waya ana tambaya. Shawarar sa aboki ya yi ƙarya kuwa, shaidar zur ce, kuma na ji daɗi da ɗan'uwanmu ya janye ta.

Abu Safwan:
Jazakumullahu khairan. Maganar Anti ta sa na tuna: manajan da ya ɗauke ni, wanda na yi fiye da rabin zamana a ƙarƙashinsa, ya bar kamfanin kafin ni, yanzu yana wani kamfani a Bompai. Muna gaisawa har yanzu. Akwai kuma mai binciken lissafi da yake zuwa daga waje duk ƙarshen shekara mu ƙirga kaya tare. Waɗannan za su yi? Baba Alhaji, na kuma ji shawararka, akwai aminin mahaifina da suke salla masallaci ɗaya da maigidan.

Maman Ilham:
Wannan tsohon manajan shi ne maganinka, tun farko shi ya kamata ka fara tunawa. A wurinmu wanda ya kula da aikinka kai tsaye ya fi mai kamfani daraja, ko da ya bar wurin, in dai za a iya tabbatar da cewa ya taɓa riƙe muƙamin. Mai binciken lissafi ma ya yi kyau ƙwarai ga aikin sito, don shi ne ya san ko littafinka yana dacewa da abin da ke ƙasa. Na uku ka sa malaminka na jami'a ko kwaleji wanda ya duba maka aikin kammala karatu, ko shugaban wurin da ka yi hidimar ƙasa. Kada ka sa ɗan'uwanka na jini ko surukinka, ko da babban mutum ne. Kada kuma ka bi babban suna. Kwamishinan da bai taɓa ganin aikinka ba, in an kira shi bai ma tuna ka ba, ya fi cutar da kai a kan ƙaramin ma'aikacin da zai yi bayaninka dalla-dalla.

Amma kafin komai, yau ɗin nan ka tura wa wanda ke kula da ɗaukar ma'aikata a ƙungiyar saƙon imel. Kada ka bari su ji daga wani bakin. Ka ce ka nemi shaida daga shugabancin kamfanin na yanzu ba ka samu ba, ka bar wurin ne bisa ƙa'ida bayan jinkirin biyan albashi, ga takardar ɗauka da ta ajiye aiki da bayanan banki, kuma kana neman su amince da tsohon manajanka wanda ya kula da aikinka kai tsaye. Shi ke nan. Kada ka zagi Alhaji, kada ka ba da labarin duk abin da ya faru, kada ka ce azzalumi ne ko da kana jin haka. Mai karanta saƙon yana auna yadda za ka yi maganarsu ne ranar da ka bar su. Mu ma a garin nan muke, mun san ana riƙe albashi, ba baƙon labari ba ne a kunnenmu. Abin da ke sa mu ja baya shi ne mu gano an ɓoye mana.

Baristan Bompai:
Na goyi bayan wannan. Kan tsarin da za a bi kuma, ni da Alhaji ba mu saɓa ba sosai: a fara da dattijo, in bai yi ba wasiƙa ta biyo. Albashin da kake bi kada ka haɗa shi da maganar shaida a takarda ɗaya, kowanne da hanyarsa. In sulhu ya ƙi, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a nan Kano, suna kiran ɓangarori biyu su sasanta. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa tun 1975, ba a biyan ko sisi, kuma tana sauraron ƙorafi har a kan kamfanoni masu zaman kansu, sai dai dokarta ta ce a kai kuka cikin wata 12 da faruwar abin. Ƙarshe akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano, ita ce sashe na 254C na tsarin mulki ya ba hurumin rikicin aiki tun gyaran 2010. Amma duk wannan ba zai gama kafin Alhamis ba, don haka aikin gabanka ka fara kamawa.

'Yar Gwammaja:
To ni ga tawa, tunda an buɗe maganar. Shi yana da takarda da banki. Mu fa? Na koyar a wata makarantar kuɗi shekaru, ba a taɓa ba ni takardar ɗauka ba, albashi a hannu ake miƙo shi cikin ambulan, ka sa hannu a littafin da ke ofishin mai makaranta. Ba fansho ba haraji. Yawancin malamai mata a unguwanninmu haka suke. In mai makaranta ya ce bai san ki ba, me za ki nuna?

Baristan Bompai:
Malama, tun farko an tauye ki. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su wuce da fara aiki. Akwai muhawara kan waɗanda dokar ta ƙunsa, don ta fi karkata ga masu aikin ƙarfi da na akawu, amma rashin takarda ba ya nufin babu yarjejeniyar aiki. Yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce, tabbatar da ita ne ke da wuya.

Maman Ilham:
Ƙawata, kina da shaidu fiye da yadda kike zato. Littafin tsara darasi da shugabar makaranta take sa wa hannu duk mako. Katin sakamakon ɗalibai mai ɗauke da sunanki da sa hannunki a matsayin malamar aji, iyaye da yawa suna ajiye shi. Jadawalin darussa, saƙonnin WhatsApp na dandalin malamai, takardar shaidar duk wata bita da makarantar ta tura ki. In kina da rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN, ki haɗa. Masu shaida kuma: tsohuwar shugabar makaranta ko mataimakinta, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ko uwar da kika koyar da 'ya'yanta biyu uku. Makarantar da ke neman malama ta fi son jin bakin iyaye a kan na mai makarantar da suke gasa da shi.

Akantan Hotoro:
Wanda yake kan aiki yanzu kuma ana biyansa a hannu, ranar da ya karɓa ya kai kuɗin banki ko wurin mai POS ya zuba a asusunsa, ya ɗauki hoton layin da ya sa hannu a littafin albashi in an bar shi. In kamfanin da ka yi wa aiki ya rufe gaba ɗaya, shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, yana nuna sunansa da lambar rajistarsa, ka buga ka haɗa da takardunka don a san ya taɓa wanzuwa.

Alhaji na Kwari:
Barista, ni ma ina da tambaya. Wani yaro da ya bar ni cikin mutunci ya kawo min fom daga wani kamfani, an ce in manna hotona, in ba da kofin katin ɗan ƙasa, in rubuta adireshin kantina. Ina son yaron amma hannuna ya ƙi. Wannan ita ce shaidar da kuke magana?

Baristan Bompai:
A'a Alhaji, wannan garanto ne, kuma hannunka ya yi daidai da ya tsaya. Mai shaida yana faɗin abin da ya sani ne kawai, in ya faɗi gaskiya ba a bin sa kuɗi. Garanto kuwa alkawari yake ɗauka cewa in yaron ya yi asara ko ya gudu da dukiya shi zai biya ko ya kawo shi. Ka sa a karanta maka fom ɗin layi-layi. Ka duba ko an faɗi iyakar kuɗin da ka ɗauki nauyi, da tsawon lokacin, da yadda za ka janye in ka so. In babu iyaka, ka ce a rubuta iyaka kafin ka sa hannu, ko ka ce wa yaron za ka yi masa shaida a rubuce amma ba za ka tsaya masa da dukiyarka ba. Abu Safwan, in aminin mahaifinka zai yi magana da maigidan naka, ya fara da wannan bayanin, ya nuna masa ba garanto ake nema ba. Mai yiwuwa rabin ƙin nasa daga nan yake.

Maman Ilham:
Abu ɗaya da ya rage, kuma shi ya fi jawo wa mutane asara a hannuna. Kada ka rubuta sunan kowa sai ka kira shi ka nemi izininsa. Ka tura masa CV ɗinka da bayanin aikin da kake nema, ka tuna masa watan da ka fara da watan da ka bari don maganarku ta zo ɗaya. Ka karɓi imel ɗin da yake buɗewa da gaske, in akwai na ofis ya fi, don ƙungiyoyi da yawa fom suke turawa a cike a mayar cikin 'yan kwanaki. Sannan ka roƙe su duka ukun su riƙa ɗaga baƙuwar lamba a makon nan da na gaba. Mutanenmu da yawa ba sa ɗagawa, mu kuma in mun kira mun sake kira shiru, ga wa'adi a kanmu, fayil ɗin mutum na biyu muke buɗewa.